Arzikin da ke cikin leda: yadda wani ƙauyen Jigawa ya jingina da furen Legas

In ka bi hanyar Lekki zuwa Epe, ka wuce Ajah, ka wuce Sangotedo, idonka ba zai rasa su ba: baƙaƙen ledoji jere-jere a bakin titi, kowace da shukarta, wata kore shar, wata ja, wata rawaya, ga saurayi da tiyo ko bokiti yana bi yana ba su ruwa. Mai wucewa a mota ado yake gani. Ni kuwa buhunan gero nake gani, da kuɗin makaranta, da kwanon rufi, domin ɗaya daga cikin irin waɗannan lambuna shi ya riƙe ƙauyenmu shekara da shekaru. Na kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Ba zan kama sunan ƙauyen ko na mutanen ba, saboda har yanzu akwai sauran magana tsakaninsu da waɗanda abin ya haɗa su.

Abin da ya fitar da su daga gida

Ƙauyenmu yana cikin fadamar kogin Hadeja. Mutanenmu manoman rani ne tun kaka da kakanni: albasa, tattasai, shinkafa, ga kamun kifi in ruwa ya janye. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya. Da can yakan zo da ƙarfi lokacin damina, ya malale fadama, ya janye, ƙasa ta sha iska. Daga baya sai ya riƙa gudana kusan duk shekara, doguwar ciyawar ruwan nan da ake kira kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa. Gonar wani ta nutse, ta wani ta bushe ƙurmus, tsuntsayen jan-baki kuma suka samu gida a cikin kacalar suna kwana kusa da shinkafa. Wannan ne ya mayar da cin rani, wanda da na 'yan watanni ne, ya zama zama.

Kawu ya sauka Legas yana saurayi. Ya yi dako a kasuwar Mile 12, daga baya ya samu gadi a wani gida a Ikoyi. Gidan na da lambu, mai kula da shi kuwa wani dattijo ne ɗan Togo da ƙafa ta fara ba shi matsala, sai ya riƙa sa Kawu ɗaukar masa ruwa da tura baro. A nan ya ga abin da ya ba shi mamaki: reshen da aka aske aka zubar, in aka soke shi a ƙasa mai laima, sai ya yi saiwa, bayan 'yan watanni kuma wani ya zo ya biya kuɗi ya ɗauka. Mutumin da ya tashi yana dashen albasa da tattasai ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Hannun yana nan, sunayen shuke-shuken kawai ya rage ya koya.

Ya kuma yi gamon katar da lokaci. Babatunde Fashola ya hau kujerar gwamna a 2007, gwamnatinsa ta ɗauki ƙawata gari da muhimmanci: aka kwashe rumfunan da suka cushe unguwar Oshodi a farkon 2009, aka shuka ciyawa da itatuwa a ƙarƙashin gadoji da tsakiyar tituna, aka ware 14 ga Yuli a matsayin ranar dashen itace, a 2011 kuma aka kafa hukumar kula da lambuna da wuraren shaƙatawa ta jihar, LASPARK. A daidai wannan zamani rukunin gidaje suka fara tsiro a yankin Lekki kamar naman kaza, kowane gida yana son shinge kore da ciyawa a tsakar gida. Kawu ya ajiye gadi, ya nufi can gaba inda fili yake da araha, ya roƙi wuri.

Yadda aikin yake

Dole in tsaya a nan, don wanda bai san yadda ake aikin ba ba zai gane girman asarar da ta zo daga baya ba.

Ƙasar wannan yanki yashi ce, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Saboda haka ƙasar da ake shuka a ciki ma saye ake yi. Tifa ke kawo baƙar ƙasa daga wajen gari, a gauraya ta da kashin kaji ko na shanu wanda ya riga ya huce, a ƙara ɗan garin katako don ta yi sakwa-sakwa, sannan a cika leda. Taki ɗanye yana ƙona saiwa, wannan shi ne darasin farko da ake koya wa sabon zuwa. Cika leda aikin yara ne, kuma da shi kowa ke farawa: ka zauna a kan jarka tun safe kana cikawa kana jerawa har bayanka ya ƙage.

Yawancin kayan daga reshe ake samun su. Iksora mai jan fure, da yalo bush da ake shinge da ita, da kuroton mai ganye kala-kala, da bogambiliya mai ƙaya, duk yanka ake yi a soke a leda a ajiye a inuwa. Waɗanda ba sa kamawa da sauƙi kuma akwai dabararsu: a feƙe ɓawon reshe zagaye tun yana jikin uwarsa, a naɗe wurin da jiƙaƙƙiyar ƙasa a cikin leda, a ɗaure sama da ƙasa, a bar shi makonni har saiwa ta fito fara a jikin ledar, sannan a yanke. Dogon itacen nan da ake kira maskared, wanda ake jerawa jikin katanga, da dangin kwakwar ado, su daga ƙwallo ake tayar da su, kuma suna cin lokaci. Kwakwar ado sai ta shekara biyu, uku, tana shan ruwanka kafin ta yi tsayin da mai kuɗi zai tsayar da mota saboda ita. Har moda, wadda muke gani a daji ba mu ɗauke ta a bakin komai ba, a nan a cikin kasko mai fenti take, a ofis da falo.

Duk wannan yana tsaye ne a kan abu biyu da ba sa shiga leda. Na farko su ne iyaye, wato manyan shuke-shuken da aka dasa a ƙasa, waɗanda daga jikinsu ake yankar reshe kowace shekara. Lambun da ke da iyaye masu kyau ba ya sayen iri. Na biyu ruwa. A nan ruwa yana kusa, ba ka yin nisa da haƙa za ka same shi, amma ba kowane ne na shuka ba: wani da tsatsa, yana bar wa ganye jan tabo, wani kuma da ɗan gishiri in an matsa kusa da teku. Kawu ya haƙa rijiya biyu kafin ta uku ta ba shi ruwa mai daɗi. Ya ɗaure ta da zoben siminti, ya sa mata injin ban ruwa. Da rani safe da yamma ake ban ruwa, ba Juma'a ba Lahadi, ba Sallah. Shukar leda ba ta da inda za ta miƙa saiwa ta nemi laima, in ka manta ta kwana biyu a zafin Fabrairu ta tafi.

Kasuwar tana da lokacinta. In ruwan farko ya sauka wajen Afrilu, 'yan kwangilar ƙawata gidaje sukan taso, domin abin da aka dasa a lokacin sama ce za ta shayar da shi. Sai kuma Disamba, lokacin da ake gyaran gida saboda Kirsimeti da baƙi. Tsakanin nan sai ɗai-ɗai: matar da ke son tukunya biyu a baranda, direban da maigidansa ya aiko. Abin da ke cike gurbin shi ne aikin wata: yaran lambu suna da gidajen da suke zuwa aske shinge da yanke ciyawa, a biya su ƙarshen wata.

Yadda ƙauye ya hau kai

Kawu ya fara ɗauko ƙaninsa, sai ɗan yayarsa, sai ɗan maƙwabci. Wanda ya ƙware ya ware nasa jeren ledoji a gefe, yana shan ruwan rijiyar Kawu, yana yanka daga iyayen Kawu. Ba a rubuta komai ba, ba a raba hannun jari ba, kowa dai ya san nasa. Da aka hana acaba a wasu ƙananan hukumomin Legas a 2020, aka ƙara tsanantawa a watan Yunin 2022, samarinmu da dama da aka ƙwace wa babur ko suka ji tsoron a ƙwace, lambun suka dawo. A wannan shekarar ta 2022 ambaliya ta cinye gonaki a Jigawa, har da namu. Gidaje da yawa a ƙauyen da kuɗin fure suka ci tuwo har kaka ta zagayo.

Da farko an yi masa dariya a gida. Ana cewa namiji guda ya tafi Ikko yana noman abin da ko akuya ba a ba wa. Dariyar ta tsaya ne da aka ga kwano a kan ɗakin mahaifiyarsa. A hankali sai ya zama kusan duk wani abu da ke motsi a ƙauyen yana da igiya da ta ɗaure shi da bakin titin Epe. Mai shago yana ba da bashi ne saboda ya san ƙarshen wata za a turo. Mai POS da kuɗin lambu yake juyawa. Adashin mata, da injin niƙa, da takin zamani na damina, da kayan ɗakin 'yan mata, duk daga can. Yaro in ya tasa ba ya tambayar ina za shi, ya san mota ɗaya ce. A ganina a nan ne haɗarin ya fara taruwa ba wanda ya lura: ƙauyen da ya gudu daga dogaro da kogi ɗaya ya koma dogaro da fili ɗaya, filin kuma ba nasa ba.

Filin na wani dangin Yarabawa ne 'yan asalin wurin. Kawu ya same su ta hannun baale, wato mai garin, ya kai goro da abin gaisuwa, aka nuna masa daga nan zuwa can, aka yanka abin da zai riƙa bayarwa duk shekara. Dattijon gidan mutumin kirki ne, ya riƙe amana har ya rasu. Su ma sun amfana, don fili mai mutane a kai ba a yi masa kutse, ba a mayar da shi juji. Amma ko takarda ɗaya ba a rubuta ba. Na taɓa yi wa Kawu maganar, na ce, "Kawu, da an samu lauya an rubuta wani abu." Ya ce, "Ɗana, mutumin da ya ba ka wuri don Allah, ka kawo masa takarda, ai ka ce masa maƙaryaci ne." Na fahimci abin da yake nufi, kuma a inda muka fito gaskiya ya faɗa. Sai dai alkawarin baka yana rayuwa ne muddin masu shi biyu suna raye, kuma muddin filin bai yi tsadar da za ta raba 'yan'uwa ba.

Shekarar da abubuwa suka haɗu

Filin ya yi tsada. An buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki a farkon 2023, aka ƙaddamar da matatar man Dangote a Ibeju-Lekki a watan Mayun shekarar, a 2024 kuma aka fara aikin hanyar gabar teku ta Legas zuwa Kalaba. Duk wani taku na ƙasa a wannan yanki ya zama zinariya. Ginin da ya kawo wa lambun kasuwa shi ne kuma ya zo yana neman wurin da lambun ke zaune.

Kafin wannan matsala ta iso, wata ta riga ta. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar fetur da ke ƙasa da naira 200 ta koma kusan 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1000. Injin ban ruwa fetur yake sha. Tifar ƙasa ta ƙara kuɗi, leda ta ƙara, a-kori-kurar da ke kai kaya ta ƙara. Dala da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1500 a farkon 2024, siminti da rodi suka tashi, masu gini da yawa suka dakata. Kuma fure shi ne na ƙarshe a gini: sai an gama fenti ake tuna shi, shi ake fara yankewa in kuɗi ya gaza.

Akwai wani ɗan kwangila da suka daɗe suna hulɗa. Ya zo da babban aiki na wani rukunin gidaje, ya ba da ɗan kafin alƙalami, ya kwashi kaya mota-mota: maskared, kwakwar ado da aka shekara uku ana raino, ciyawa, shinge. Bai kwashi na Kawu kaɗai ba, har na yaran da ke da jerensu, kuma da sunan Kawu suka yarda. Aikin ya tsaya. Ya ce shi ma ba a biya shi ba, mai yiwuwa kuma gaskiya ne. Daga baya wayarsa ta daina shiga. Ba rasit, ba lissafin da ya sa wa hannu, sai wani littafin makaranta da ɗaya daga cikin yaran ke rubuta adadin ledoji a ciki. Kawu ya sayar da shanunsa biyu a gida ya rage wa yaran asara, don ya ce da bakinsa aka ɗauka.

Ana cikin wannan 'ya'yan marigayi dattijon da ya ba Kawu wurin suka sayar da filin. Wata safiya aka ga masu awo da ƙarafunansu, bayan kwana kaɗan aka sauke bulo. Wakilin mai sayen ya ba su wa'adin makonni. Suka je wurin baale, suka je wurin sarkin Hausawan yankin, aka yi zama. Abin da zaman ya iya samo musu shi ne ƙarin 'yan makonni da izinin kwashe duk abin da za su iya ɗauka. Ba na ganin laifin masu filin a kan sayarwa, gadonsu ne. Abin da ya yi mini ciwo shi ne shekarun da aka yi ana biya ba fashi ba su zama hujjar komai ba a wurin zaman, tunda babu abin nunawa.

Abin da aka ɗauka da abin da aka bari

Shawara ta rabu uku. Matasa suka ce a koma gefen titi kawai ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki kamar yadda wasu ke yi, ba haya, ga masu saye suna gani. Kawu ya ƙi, ya ce wannan wurin gwamnati ne, ranar da katafila za ta zo ko wa'adin ba za a ba su ba. Wasu suka ce a karya kayan a koma gida. Biyu sun yi hakan, suka sayar da jerensu a wulaƙance ga maƙwabtan lambu da suka san an matse su. Sauran suka bi Kawu a kan ta uku: a raba lambun biyu. Raino ya koma can ciki wajen Epe inda ƙasa ta fi kyau, haya kuma da sauƙi, a bakin hanya kuwa a kama ɗan wuri a gaban shagon wani a riƙa baje kaɗan don masu wucewa.

Ledoji sun tashi lafiya, abin da aka yi su don shi ke nan. An yi kwanaki ana lodi da dare saboda cunkoso, wasu sun karye, wasu sun yi yaushi sun farfaɗo. Iyayen ne matsala. Bogambiliyar da ta shekara goma a ƙasa ba ta tashi. An yanki rassa iya yanka, an tone waɗanda za su tonu, da yawa ba su kama a sabon wuri ba. Manyan kwakwar da saiwarsu ta huda leda ta shiga ƙasa, an bar su. Rijiyar kuwa an cire injin, aka bar ramin. Wato abin da ya ɗauki shekaru ana ginawa, wanda kuma shi ne ya sa lambun ya fi na maƙwabta, shi ne daidai abin da bai ɗauku ba.

A ƙauye an ji a jika tun kafin a gama kwashewa. Daminar nan gonaki da yawa ba su ga takin zamani ba. An ɗaga aure biyu. Adashin mata ya tsaya a tsakiya, aka yi ta rigimar wa ya ɗauka wa bai ɗauka ba, har sai da liman ya shiga. Mai shago ya rufe littafin bashi. Babu wanda ya kwana da yunwa, alhamdu lillahi, amma kowa ya gane daga ina tuwonsa yake zuwa.

A sabon wurin an rubuta takarda. Lauya ya tsara ta, da adadin shekaru, da abin da za a biya, da tsawon wa'adin da za a bayar in za a tashe su, dangin masu filin suka sa hannu su da yawa, ba mutum ɗaya ba, baale da sarkin Hausawa suka yi shaida. Kawu da kansa ya nemi a yi hakan, ban sake yi masa maganar ba. Sun kuma daina ba ɗan kwangila kaya sai ya biya mafi yawan kuɗin, abin da ya kore musu wasu tsofaffin abokan ciniki zuwa lambunan da har yanzu ke ba da bashi. Ina ganin sun yi daidai a duka biyun. Inda nake da sauran damuwa shi ne takardar haya ce, ba ta mallaka ba, kuma gini yana tafiya Epe ɗin ma. Na so a ce a shekarun da kasuwa ke ci sun haɗa kuɗi sun sayi ko ɗan fili ne na iyaye da rijiya, lokacin da abin bai fi ƙarfinsu ba. Kuɗin sun tafi gida, kuma ba zan ce sun tafi a banza ba, don na san ɗakunan da suka rufa da yaran da suka sa a makaranta.

Yanzu kuɗin mota tsakanin wurin raino da bakin hanya yana cin wani kaso na ribar. Yaran da ke da gidajen da suke zuwa aske shinge a Ajah da Lekki tafiyarsu ta ƙaru, wasu sun koma kwana a can, sai ƙarshen mako suke zuwa lambu. Sabbin iyayen ba su isa yanka sosai ba, don haka bana ma sai da suka sayi reshe a wurin wasu, abin da Kawu bai yi ba tun farkon zuwansa.

Zuwana na ƙarshe na same shi da yamma yana feƙe reshen wani kuroton da ya tsira daga tsohon wurin, wani yaro sabon zuwa daga ƙauye yana riƙe masa leda. Na tambaye shi ruwan sabuwar rijiyar. Ya ce da ɗan tsatsa, suna tara shi a tanki ya kwana kafin su ba shuka, in damina ta wuce za su gwada haƙa wata can ƙasa kusa da gindin mangwaro.